Yadda wata 'yar Zimbabuwe ta buɗe mini kunne a Denmak

A gidanmu ni ce mai baki. Tun ina 'yar firamare a cikin birnin Kano, in aka aike ni maƙwabta aron rariya sai an sake tura wani ya taho da ni, don na tsaya ba da labari. Umma, Allah Ya jiƙanta, takan ce da ana sayar da surutu a Kurmi da tuni na gina mata bene. Da na gama karatun jinya na fara aiki, bakin nan ne jarina. Duk tsohuwar da ta ƙi shan magani ni ake kira mata. In zauna a gefen gado in yi ta jan ta da hira har ta haɗiye ba ta ankara ba.

A watan Oktoban 2016 na bi maigidana Denmak, ya samu gurbin karatun digiri na uku a Aarhus, birni na biyu a girma a ƙasar. Sunan garin ma shi ya fara yi mini kashedi ban gane ba: a rubuce Aarhus, a baki wani abu kamar "Ohus". Ga duhu. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai wajen tara saura, kafin huɗu ta faɗi. Azahar da La'asar da Magariba duk a tsakanin awannin da ba su kai huɗu ba, kana naɗe sallaya kana sake shimfiɗawa.

Ban damu ba da farko. Ina da Turanci, ina da ɗan Larabcin Islamiyya, na ce harshen mutum miliyan 6 me zai gagare ni? Masu shi suna kiransa Dansk. Haruffansa 29, irin na Turanci da ƙarin guda uku a ƙarshe: æ, ø, å. Na shiga makarantar koyon harshe, cikin wata shida ina karanta takardar da aka jefo a akwatin gidanmu. Malama tana yaba rubutuna. Amma da zarar na fita titi mutum ya buɗe baki, sai in ji kamar yana magana da loma a bakinsa. Kalmar da ke nufin "tabbas" ana rubuta ta selvfølgelig, harafi 12, amma abin da zai fito bai wuce "sefoli" ba. Ina sauran suka tafi? Tsibiri kuma ø ne kawai, rafi å. Kalma guda, harafi guda, wasali tsirara ba baƙi ko ɗaya da za ka riƙe.

Ƙirga kuwa ba a magana. Sai an faɗi ƙaramar lamba kafin babba: 21 "ɗaya da ashirin" ne. Hamsin halvtreds, wai asalinta "rabi kafin na uku, sau ashirin", wato biyu da rabi sau ashirin. Sittin tres, saba'in halvfjerds, tamanin firs, casa'in halvfems. A kanti nakan miƙa kati kawai in kau da kai. Wannan "rabi" ɗin ne ya fara kayar da ni. An kira ni ganawar neman aiki aka ce in zo halv ti. Halv rabi, ti goma, na ce goma da rabi. Na shirya tsaf, na isa goma da kwata ina ganin na yi sammako. Ashe a wurinsu rabin hanya ne zuwa goma, wato tara da rabi. Matar ta dube ni ta dubi agogo, ta ce sun riga sun tashi. A tashar bas na zauna na yi kuka har hancina ya daskare.

A lokacin, ma'aikaciyar jinya da ta zo daga wajen Tarayyar Turai sai ta ci jarrabawar da ake kira Prøve i Dansk 3 kafin ta samu izinin aiki, kuma ba tsallakewa kawai ba: ana son 7 a karatu, 7 a rubutu, 10 a magana. Makin ci a wurinsu yana tafiya ne 02, 4, 7, 10, 12. Sau biyu ake yin ta a shekara. A ƙarshen 2018 na zauna, da jaririya a gida. Karatu da rubutu na samu abin da ake so. Magana, 4. Na sake a tsakiyar 2019 na samu 7. Mai jarrabawar ta yi mini tambaya, na ce ta maimaita, ta maimaita, na sake cewa ta maimaita, sannan na amsa wata tambayar da ba ita aka yi ba.

Daga nan na yi shiru. Ba shirun fushi ba, shirun wanda ya daina yarda da kansa. In wayata ta yi ƙara na ga lambar Denmak ce ba na ɗauka. In maƙwabciya tana matattakala nakan tsaya bayan ƙofa har ta wuce. Abban yara ya yi ta lallashi, ni kuwa har haushinsa nake ji, don shi a jami'a da Turanci yake komai, babu wanda ya taɓa tambayarsa halvfjerds. Abin da ya fi ci mini rai, ƙarya nake yi wa Umma. Na samu aikin cike gurbi a wani gidan kula da tsofaffi, wanka da canza shimfiɗa da ba da abinci, yawanci da dare. Amma in ta tambaya sai in ce asibiti lafiya lau. Ina kunyar ta ji 'yarta nas ta koma wankin tsofaffin Turawa.

A wannan gidan, wani dare wajen ƙarfe biyu, na shiga kicin ɗin ma'aikata na tarar da wata baƙar mata, ta girme ni da kusan shekara goma sha biyar, tana waya ƙasa-ƙasa. Ban san yaren ba. Amma ta ce "baba", kuma ba da b ɗin Turawa ta faɗa ba, da ɓ ɗinmu ta faɗa, ta "ɓera" da "ɓawo". Can kuma na ji ɗ. Shekara uku ban ji waɗannan sautuka a bakin kowa a Denmak ba sai ni da mijina. Na tsaya da kofi a hannu kamar wadda aka dasa. Da ta ajiye wayar na tambaye ta da Turanci wane yare ne wannan. Ta ce chiShona, daga Zimbabuwe. Na ce ta sake cewa baba. Ta yi dariya ta ce, ke lafiyarki kuwa?

Malamar firamare ce a yankin Masvingo, Shona take koyarwa, har tsadar 2008 ta mayar da albashinta abin da ba ya sayen burodi. Ta baro ƙasar a 2009. A jakarta akwai takardar kuɗi ta dalar Zimbabuwe tiriliyan 100, tana nuna wa duk wanda ya cika yi mata ƙorafin tsada. Dansk ɗinta ya zauna daram. Ina kiranta Yaya, ita kuma tana ce mini munin'ina, wato ƙanwa.

Ban nemi ta koya mini Dansk ba, ita ma ba ta ce za ta koya mini ba. Shona na ce ina so, don daɗin jin sa kawai. Kuma ya shige ni kamar ruwa. Wasulansa biyar ne, a, e, i, o, u, irin namu. Kowace gaɓa da wasali take ƙarewa, abin da aka rubuta shi ake faɗa. Mu-nhu, mutum. Mwa-na, yaro. Mvura ruwa ne, na sha da na sama duka, kamar yadda muke yi, alhali Dansk ya raba su, vand da regn. Goma gumi ce, hamsin makumi mashanu, gomomi biyar, babu wani rabi kafin na uku. Sadza tuwon masara ne sak. Ta ce kar in ruɗu, Shona ɗan gidan Bantu ne, danginsa su Swahili da Zulu, Hausa kuwa gidanta daban. Na ce na ji, amma maƙwabcin kirki ai ya fi ɗan'uwa na nesa.

Cikin wata biyu ina gaishe ta da Shona ina fahimtar amsa. Sai wani dare ta ajiye cokali ta ce, "Munin'ina, kin ce mini ƙwaƙwalwarki ta toshe. Wadda ta toshe ce ta kwashe wannan a wata biyu?" Ta jawo takardar jadawalin aiki ta juya bayanta, malanta ta motsa. Ta ce mu da ku muna kawo kalma gaba ɗayanta a faranti. Mutanen nan suna cinye baƙaƙen tun a hanya, abin da ya rage wasula ne, kuma nasu sun haura ashirin in aka bi sauti. Ke kina tsaye kina jiran baƙi ya zo ya gaya miki inda kalma ta ƙare, ba zai zo ba. Ta rubuta hus ta ce in faɗa, ta rubuta lys, ta rubuta løs. Gida, haske, sako-sako. A kunnena na biyu da na uku duk abu ɗaya ne. Ta ce to daga yau aikinki ke nan, ki bar baki ya huta.

Na ce ai zalunci ne a rubuta abu a faɗi wani. Ta tambaye ni, ku a Hausa komai kuke rubutawa? Na buɗe baki zan ce e, sai na tuna wuya. Wuyan da ke riƙe kai da wuyar da ake sha, harufa ɗaya ne, karin sauti ne ya raba su, kuma ba mu taɓa sa masa alama ba. Fari na launi da fari na rashin ruwa da fari da ido, haka. Ta ce su ma Shona karin sauti biyu gare su, sama da ƙasa, ba sa rubutawa. Ashe kowane harshe da abin da yake ɓoye wa baƙo, nawa ne kawai ban taɓa gani ba don a cikinsa aka haife ni.

Abin da Dansk yake ɓoyewa shi ne stød, wata 'yar sarƙewa a maƙogwaro. Ita ce ta raba hun, wato ita, da hund, kare. Ita ce ta raba mor, uwa, da mord, kisan kai. Na taɓa gaya wa ɗan wata tsohuwa cewa mahaifiyarsa tana falo, ya yi wani murmushi da ban gane ba sai daga baya. Yaya ta ce in faɗi "sa'a". Na faɗa. Ta ce wannan tsayawar da ke tsakiya, ki fara ta amma kar ki ƙarasa. Shi ke nan. Abin da malamai suka yi shekara biyu suna zana mini a allo, ashe rabinsa yana cikin maƙogwarona tun ina goye.

Akwai inda ni ma na fi ta, kuma ban bar ta ta manta ba. Dansk yana liƙa wa suna wutsiya in an san abin da ake nufi: hus, huset, bil, bilen. Gida, gidan, mota, motar. Ni ban sha wahalar wannan ba ko kaɗan, ita kuwa ta ce ta shekara tana tuntuɓe a kai don Shona ba shi da shi. Nasu a goshi yake: munhu, vanhu, muti, miti, chinhu, zvinhu, rukunin sunaye wajen ashirin, kuma duk kalmar da ta biyo baya sai ta yi anko da shi, mwana wangu, vana vangu. Na ce wanda ya iya rukuni ashirin yana kuka da rukuni biyu na Dansk, en da et? Ta ce nasu ashirin ɗin suna da doka, biyun nan kuwa sai hadda. Sannan ta rama: ta ce in faɗi zvakanaka. Wannan zv ɗin da sv na Masvingo ana fitar da su ne da ɗan fito a leɓe. Na yi ta hura iska kamar mai fifita koko. Ni kuma na ba ta "ƙoƙo" da "tsintsiya". Muka yi dariya har wani tsoho ya danna ƙararrawa. Rabon da in yi dariya irin wannan tun a Kano.

Ta taɓa ba ni labarin da ya sa na ji wani alfahari. Wani masani mai suna Clement Doke ne ya tsara rubutun Shona na bai-ɗaya a 1931, ya haɗa karuruwan harshen, wato Zezuru da Karanga da Manyika da Korekore da Ndau, kuma a rubutun nan akwai ɓ da ɗ masu lanƙwasa irin namu. A 1955 aka cire su. Yanzu b da d zalla su ne masu lanƙwasar, na Turawa kuma ana rubuta su bh da dh. Na ce mu dai mun riƙe namu. Denmak ma sai 1948 ta shigar da å a hukumance, kafin nan aa ake rubutawa.

Gaisuwa ce ta fi daɗewa tana yi mini ciwo. A Denmak hej ne, an gama. Sallama hej hej. Tsohuwa 'yar shekara casa'in za ka ce mata du, kamar ka ce "ke", ka kuma kira sunanta gatsal. Akwai De na girmamawa amma ya kusa ɓacewa daga bakin mutane. Ni da ba na iya ce wa Umma "ke", sai harshena ya riƙa nauyi. Shona kuwa kamar gida: yaro iwe, babba imi, wato "ku", har da tafi da tafin hannu a dunƙule. Da safe a ce marara sei, kun kwana yaya, ka amsa ndarara kana mararawo, na kwana in dai ku ma kun kwana. Wannan amsar ta daɗe a raina. Na ce wa Yaya mutanen nan ba su da tarbiyya. Ta ce a'a, ƙirga mini tak, wato "na gode", nawa kika ji yau. Tak for mad bayan an ci abinci. Tak for i dag in an tashi aiki. Tak for sidst in kun sake haɗuwa da wanda kuka zauna tare kwanaki. Na yi tsam. Wannan ai "ya gajiyar rannan" ce. Sannunsu ce suka ajiye a ƙarshe, ni ina neman ta a farko.

Ita ce ta matsa mini in gaya wa Umma gaskiya. A watan Janairun 2020 na kira, na faɗi komai, jarrabawa biyu da wankan tsofaffi. Umma ta yi shiru, sannan ta ce, "Wankan tsoho ai lada ne, ko na wane ne. Maganar yare kuwa, jariri ma sai ya shekara yana saurare kafin ya ce uffan. Ke tun da aka haife ki bakinki ke aiki, kunnenki bai taɓa yin wahala ba. Bar shi ya yi."

Ranar 11 ga Maris aka sanar da rufe Denmak saboda korona. Nijeriya ma ta rufe filayen jiragen sama. A ƙarshen Afrilu, farkon azumi, a kwanakin nan da aka yi ta rasa dattawa a Kano, ƙanena ya kira ni bayan Asuba. Kafin Azahar an kai ta. Ban ga gawarta ba, ban zauna zaman makoki ba, babu wanda ya shigo ya ce mini ya haƙuri. Ni da Abban yara da yarinya a ɗaki biyu.

Kwana uku na koma aiki don zaman gidan ya fi ƙarfina. Yaya ta same ni a kicin. Ta tsaya nesa kamar yadda doka ta ce, ta ce nematambudziko, ita ce ta'aziyyarsu. Ta ce a wurinsu zuwa gaisuwar mutuwa sunansa kubata maoko, riƙe hannuwa, ga shi an hana riƙe hannu. Sai ta rusuna ta tafa hannuwanta a hankali, irin tafin da suke yi wa manya, ta ja kujera ta zauna. Ba ta ƙara cewa komai ba. Su suna cewa zii, mu muna cewa tsit.

Abokan aikina 'yan Denmak ba su iya doguwar magana ba. Fure na tarar a akwatina da kati, kowa ya sa hannu. A da da na ce rowar baki ce. Amma na riga na ga yadda suke yi in tsoho ya cika a gidan: a buɗe taga, a sauko da tuta rabin sanda, a tsaya a yi masa waƙa yayin da ake fita da shi.

A daren nan wata tsohuwa da ba ta barci ta danna ƙararrawa. An hana 'ya'yanta zuwa, kullum cikin faɗa take, haƙoranta na roba suna cikin kofi, wato Dansk ɗinta ya fi na kowa wuya. Ta dube ni ta ce na yi kuka. Na ji. Ta tambaya me ya faru, na ji wannan ma. Na ce min mor er død, mahaifiyata ta rasu, kuma mor ɗin ta fito daidai. Ta nuna kujera ta ce fortæl, ba ni labari. Na fara da guntun Dansk ɗina: rariya, kasuwar Kurmi, benen da ban gina ba. In na rasa kalma ta miƙo mini, in ta yi tambaya in amsa ba tare da na ce ta maimaita ba. Tana yi tana turo mini farantin biskit ɗinta, don ta lura ban ci komai ba tun shan ruwa. Sai da na ga farantin wayam na gane abin da ta yi mini. Dabarata ce ta asibitin Kano, aka juyo da ita kaina.

Ban koma jarrabawa da wuri ba. Na yi shekara da rabi ina sauraro: rediyo a kicin, tsofaffi da dare, yara a filin wasa. A ƙarshen 2021 na zauna karo na uku na samu 10. Na yi aikin gwaji na wata shida, yau ina aikin jinya a sashen tsofaffi. In na gaji har yanzu hun da hund suna rikice mini, kuma duk wanda ya ba ni lokaci da halv sai na maimaita masa da lambobi.

'Yata tana kiran hoton Umma mormor, uwar uwa, tana kiran Yaya maiguru, wato yayar uwa a Shona. Ranar Asabar da ta wuce Yaya ta zo mana da sadza, ni na yi miyar kuka. Yarinyar ta sa ni in faɗi rødgrød med fløde, abin da suke gwada baƙo da shi, na faɗa, ta kwashe da dariya ta ce d ɗina ta yi tauri. Yaya ta ce to ke faɗi zvakanaka. Ni kuma na ce in ta gama ta zo ta faɗi "ƙato ya ƙwace wa kwaɗo ƙoto". Ta shige ɗaki ta rufo ƙofa, muna cin tuwo muna jiyo ta tana gwadawa.